Ƙanena Noboru da Danjar Gaban Gidan Waya

Ni na fara cewa ƙanena Noboru ba ya gama komai, kuma ni na yi ta yaɗa maganar har ta bi gari. Sunana Fumie Kadowaki. Awara nake yi a nan Urazaki, garinmu na bakin teku a Japan, shekara arba'in da shida ke nan, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a shagona ya san bakina ba shi da birki. Shekara shida na ba Noboru. Ni na goya shi, ni na share masa majina lokacin da Inna ke tashar jiragen ruwa tana ware kaguwa, don haka a ganina ina da ikon gaya masa duk abin da ya zo bakina.

Kuma fa ba ƙarya na yi masa ba. Babanmu jirgin kamun kaguwa gare shi, yana cikin mutanen nan da ke fita teku a tsakiyar hunturu, ruwa na daskarewa a gashin bakinsu. Noboru na da shekara sha biyar Baba ya ɗauke shi fitar farko. Kwana uku suka yi, kwana ukun nan amai yake yi, har sai da aka ɗaure shi da igiya a jikin ƙarfe kada ruwa ya tafi da shi. Da suka dawo Baba bai zage shi ba, da ma zagin ya yi. Ya miƙa wa Inna shi ya ce, "A ba shi shayi," ya koma ɗaure jirginsa. Tun daga ranar bai sake ce masa zo mu je ba.

Makarantar koyon kamun kifi, ya bar ta a shekara ta biyu. Ya tafi Osaka aiki a masana'antar kusoshi, wata takwas ya dawo da jaka ɗaya da tari. Ya yi aure, shekara uku matar ta haɗa kayanta, ta zo har shagona ta sunkuya ta yi mini godiya, ta hau jirgin ƙasa. Ba faɗa, ba zagi, haka kawai abin ya mutu a hannunsa. Ranar ce na ce masa, "Kai dai Noboru, ko shinkafar kwanonka ban taɓa ganin ka cinye ba." Masu sayen awara suka ji, suka kai gaba.

Abu ɗaya ya riƙe, shi ne bas mai lamba bakwai, wadda ke tashi daga tashar jirgin ƙasa ta bi ƙauyukan gindin dutse ta dawo. Shekara talatin da ɗaya yana jan ta. Farar safar hannu, hula a daidai, kafin ya tashi sai ya nuna dama da yatsa, ya nuna hagu, ya ce, "Za mu tashi, a riƙe da kyau," ko da tsohuwa ɗaya ce a ciki tana gyangyaɗi. Bai taɓa goge katangar kowa ba. Da zai yi ritaya kamfanin ya ba shi takardar yabo a cikin gilashi, ya kawo mini in gani, yana ta murmushi. Na ce, "Bas ai zagaye take yi, ina ƙarshe a zagaye? Ajiye ka aka yi, ba gamawa ka yi ba." Mijina Isamu, wanda da ƙyar yake faɗin kalma goma a yini, ya ɗago daga tukunyar waken suya ya ce, "Fumie." Na ja bakina, amma ai na riga na faɗa.

Likita ne ya jawo mana sauran. Ya ce sukari ya yi wa Noboru yawa, ya riƙa tafiya a ƙasa. Tafiya ta zama sassarfa, sassarfa ta zama gudu, wata rana sai ga shi a ƙofar shago yana murza hula, wai tseren Yuli yake so ya shiga.

Na ce, "Wanne? Namu? Mai hawa uku?"

Ya ce, "Shi, Yaya."

Tabɗi! Iyo kilomita uku a teku, keke kilomita ɗari da arba'in a kewaye dutse, sannan gudu kilomita arba'in, duk a rana ɗaya, a zafin tsakiyar Yuli. A tashi shida na safe, a rufe bakwai da rabi na yamma, wanda bai iso ba ya yi a banza. Kuma mu ba ma rufe hanya don tsere kamar yadda ake yi a sauran garuruwan Japan. Manomi zai kai kankanarsa, tsohuwa za ta je asibiti. Duk mai gudun da danja ta tsayar sai ya tsaya, agogo kuwa ba ya jiran sa. Wanda ya keta jar wuta a rubuta lambarsa, ya fita daga tsere. Na dube shi sama da ƙasa na ce, "Kai da ko a bahon wanka sai ka riƙe gefe?"

Ashe da gaske yake. Yana da shekara sittin ya shiga koyon iyo a tafkin gundumarmu, kuma ajin da ya samu gurbi shi ne na tsofaffin mata masu ciwon gwiwa. Ƙawayena ne rabinsu. Kullum sai an kawo mini rahoto tare da kwanon awara. "Fumie, yau ƙanenki ya shanye rabin tafki." "Fumie, yau ya kai bango bai riƙe kowa ba, har tafi muka yi masa." Kunya kamar in nutse. Shi ko a jikinsa, har kyautar alewa yake kai musu.

Shigarsa ta farko yana da sittin da biyu. Jiri ya ɗebe shi yana tsakiyar iyo, ya yi amai a teku, masu kwalekwale suka tsamo shi. Ɗan mai jirgin kaguwa, a gaban duk gari. Shekarar da ta biyo ya fito daga ruwa na ƙarshe, ya hau keke, lokaci ya cim masa a kan dutse. A karo na uku ya sauka daga keke, ya yi gudu har kilomita ashirin da takwas, nan ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Motar da ke bin baya tana kwashe waɗanda suka gaza ta ɗauke shi, kuma don abin ya cika, bas ɗinsa ce ta da aka ɗauko haya. Ya zauna a kujerar fasinja da tawul a ka. Abin da kawai ya ce mini daga baya shi ne direban yana taka birki da ƙarfi.

A watan Agusta na shekarar muka taru a gidan Baba, inda Noboru ke zaune shi kaɗai, don kunna wa iyayenmu turare. Muka ajiye musu shinkafa da shayi a gaban hotunansu, muka zauna cin abinci. Ina ganin keken nan jingine a zaure, an goge shi yana ƙyalli, raina ya ɓaci.

Na ce, "Wai ni Noboru, in an gama me ake ba mutum?"

Ya ce, "Tawul da takarda."

"Tawul! Zo gidana in ba ka goma. Baba ya sha wahalar teku ya kawo kaguwa, mutane suka ci. Ni ina tashi kafin kowa in dafa wake, mutane su ci. Kai ka sha taka wahalar ka kawo me? Kumburarriyar ƙafa. Kuma mutum ɗari takwas ke gamawa duk shekara, likitocin haƙori daga Tokyo, da masu keken da ya fi motata tsada. Abin da mutum ɗari takwas ke yi a rana ɗaya, ina abin yabo a ciki? Ba na ɗaya za ka zo ba, ba na ɗari ba. Wahalar ƙoshi ce kawai, ta waɗanda ba su da aikin yi."

Ya ce, "Gaskiya ne, Yaya."

"To?"

"Ni dai ban taɓa yi ba."

Isamu ya ci gaba da tsintar ƙayar kifinsa kamar ba ya ɗakin. Noboru ya ajiye tsinken cin abinci a hankali, ya ce, "Saura sau ɗaya. Baɗi ina sittin da biyar, daga nan ba sa karɓar mutum. So nake sau ɗaya dai in fara abu da safe, in kai shi ƙarshe."

Maganar ta soke ni, ba zan ɓoye ba. Amma ni ba a yi ni da iya tausasa murya ba. Na tura masa kwanonsa na ce, "Sai ka fara da wannan."

Shekarar nan na ga abin da ban taɓa gani ba. Biyar na asuba ina kwashe kumfar wake, sai in ji takunsa a titi, ɗaf, ɗaf, ɗaf, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara. Na fara ajiye kofin madarar waken suya mai ɗumi a dakalin shago. In ya dawo ya shanye, ya wanke kofin a famfon waje, ya kife. Bai taɓa ce mini na gode ba, ni ma ban taɓa ce masa ni na ajiye ba. Da Isamu ya kalle ni na ce ragowa ce, zubarwa zan yi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, ƙumbar ƙafarsa biyu suka fita. Tsofaffin tafki suka dawo suna ce mini, "Fumie, yanzu fa sai dai mu ga bayansa."

Ranar tsere kowane gida a unguwa yana ba da mutum ɗaya ya taimaka. Shekara da shekaru ni kankana nake yanka wa masu gudu a kilomita na sha biyu, in barbaɗa gishiri. A bana, a wajen taro, shugaban unguwa ya ce tsohon da ke tsaron danjar gaban gidan waya gwiwarsa ta ƙi, kuma ana neman wanda ba ya jin kunyar kowa. Duk ɗakin ya juyo ya kalle ni. Aka ba ni tuta rawaya da ɗan littafi da fensir. Danjar nan ita ce ta ƙarshe, daga ita sai kilomita ɗaya zuwa filin da ake gamawa.

Na yi aikina yadda ya kamata. Wajen ƙarfe huɗu wani mai doguwar ƙafa, da ganin sa ka ga ɗan Tokyo, ya zo ya tarar da ja, ya waiga dama da hagu, ya tsallake abinsa. Na daka masa tsawa. Ya juyo yana gudu da baya ya ce, "Haba Iya, ba mota ko ɗaya fa!"

Na ce, "Ba mota aka ce in duba ba, wuta aka ce. Ɗari biyu da sha huɗu, na gan ka!"

Na lashi bakin fensir na rubuta lambarsa da manyan baƙaƙe, kuma har ga zuciyata na ji daɗi.

Isamu yana fili tun safe yana jin sanarwa, shi ke kira na a waya. "Ya fito ruwa." Ya kashe. Da rana, "Ya sauka daga keke." Ya kashe. Na ce wa matar mai aski, wadda aka haɗa mu tsaron, "Ni ina ruwana, shi ya jawo wa kansa." Ta ce, "To me ya sa kika riƙe tutar a juye?" Zafi ranar kamar a bakin tukunya. Gyare na ta kuka, matan unguwa sun fito da tiyo suna fesa wa masu gudu ruwa. Suna ta wucewa, ɗari-ɗari, wasu na ɗingishi, wasu na magana su kaɗai, wani ma kuka yake yi wiwi yana gudu. Na kalli fuskokinsu sosai, abin da ban taɓa yi ba ina yankan kankana. Babu wanda ya yi mini kama da mai wasa.

Wajen bakwai saura kwata Isamu ya ce, "Ya wuce talatin da biyar." A karon nan bai kashe ba, ya ƙara da cewa, "Da ƙyar."

Bakwai ta yi, masu gudu suka yi ƙaranci. Matar mai aski ta ce za ta je ta ɗora tukunya, tunda an kusa tashi. Mutanen titi duk sun tafi fili don a ƙirga rufewa da su. Lahadi ce, gidan waya a kulle. Rana ta faɗa bayan gonakin shinkafa, saura ja-ja a sama. Ni kaɗai na rage da tutata, ina kallon agogon bangon gidan waya, ina kallon hanya. Bakwai da kwata, ba shi. Na zage shi a raina, na zagi likitan, na zagi wanda ya ƙirƙiro keke.

Bakwai da minti ashirin sai ga shi ya ɓullo daga kwanar shagon mai tabarma. Wayyo ni. Ya karkace gefe ɗaya, gishirin gumi ya yi fari a rigarsa, gwiwarsa ɗaya da jini ya bushe. Ba gudu yake yi ba, jan jiki ne, amma yana tahowa. Na yi lissafi nan take. Kilomita ɗaya, minti goma. A yadda yake tafiyar nan minti tara zai ci. Zai kai! Noboru zai kai!

Wutar masu ƙafa kore ce a lokacin. Saura masa taku kamar talatin ta fara ƙiftawa.

Na manta ni ma'aikaciya ce. Na ce, "Noboru! Ɗaga ƙafa! Ɗaga ƙafa, don ubanka!"

Ya ɗago ya gan ni, ya yunƙura, na ga haƙoransa. Yana isowa bakin titi ta koma ja. Ya tsaya cak, ƙafa biyu a bayan farin layi.

Na dubi dama. Na dubi hagu. Titi fayau har iyakar gani, ko kyanwa babu. Babu mutum a taga, babu kowa a gona. Ni da na rubuta lambar ɗan mutane ɗazu ina jin daɗi, ni ce na mayar da tuta bayana, na cusa littafin a aljihu.

Na ce, "Wuce."

Yana haki ya ce, "Ja ce, Yaya."

"Na ce ka wuce! Ban ga komai ba. Idona ya mutu tun bara."

"Daƙiƙa casa'in take yi. Na san ta. Sau dubu nawa na tsaya a nan."

"Ba ka da daƙiƙa casa'in, sakarai! Shekara biyar kana wahala, ka sha ruwan tafki, ka sha na teku, ka zubar da ƙumba, yanzu fitila za ka tsaya wa? Wa zai sani? Wa ya gani?"

Na sa hannu biyu na tura shi ta baya. Mutumin da iska za ta iya kayarwa, sai ya rungume ƙarfen danjar, ya kafe. Rigarsa jiƙe sharkaf, ina jin bugun zuciyarsa ta ƙashin bayansa. Na doke shi da tutar. Na ce, "Noboru, na roƙe ka. Ni ce fa. Ba zan faɗa wa kowa ba har in mutu." Ban san lokacin da na fara kuka ba, kuma rabona da kuka tun rasuwar Inna.

Ya ce, "Saura ashirin. Matsa, Yaya, kada in buge ki."

Wuta ta koma kore. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Ya ɗaga yatsa ya nuna dama, ya nuna hagu, sannan ya taka. Kai! Da ina da dutse a hannu da na jefe shi.

Ya tafi, kuma wannan karon gudu ne na gaske, ban san inda ya samo shi ba. Na bar danja, na bi shi da tuta a hannu, da gwiwoyina na shekara saba'in da ɗaya. Nan da nan ya ba ni rata. Ina kan gadar ƙaramin kogi na ji lasifikar fili, da muryar jama'a suna ƙirgawa tare. Goma, tara, takwas. Ina hango bayansa, bai ko kai ƙofar fili ba. Uku, biyu, ɗaya. Aka harba abin wuta sama, ya fashe, ƙarar ta dawo daga dutse. Na tsaya na riƙe ƙarfen gada. Shi bai tsaya ba, ko sassautawa bai yi ba, na ga ya shige ƙofar.

Da na isa, Isamu ya tare ni. Ranar ya yi maganar da ta fi ta wata guda. Ya ce, "Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Sun riga sun sauke zaren, sun kashe agogo. Mutane sun fara tashi, da suka gan shi suka dawo suna tafi. Ya wuce ta inda zaren yake, ya juya, ya cire hula, ya sunkuya wa hanyar da ya biyo. Ya daɗe a sunkuye. Sai da na je na ɗago shi."

Ban tsaya jin ƙarshe ba. Na nufi rumfar alƙalai, na sami shugaban kwamiti, Nagami mai kantin magani, yana tattara takardu.

Na ce, "Nagami-san, ku cire masa daƙiƙa casa'in na danja. A gabana ya tsaya. In kun cire ya shiga da rara."

Ya sunkuya, ya ce cikin girmamawa, "Kadowaki-san, ki yi haƙuri. Duk wanda ya gama yau ya tsaya a danja."

"Su da rana suka tsaya, ana kallon su! Wannan ba kowa, ba mota! Ni da kaina na ce ya wuce, na ɓoye tuta, na tura shi, ya ƙi!"

Sai a lokacin na ji abin da bakina ya faɗa, a gaban kwamiti, da matar shugaban unguwa, da rabin masu sayen awarata. Nagami ya gyara tabarau, ya ƙara sunkuyawa fiye da na farko, ya ce, "To ai kin gani."

Na dangwarar masa da tuta da littafi a kan tebur. Na ce lamba ɗari biyu da sha huɗu tana ciki, in sun ga dama su ƙara tawa.

Noboru na zaune a ciyawa can gefe, ya miƙe ƙafafu, an cire masa takalma. Tawul ɗin da ke wuyansa na Isamu ne, na gidanmu, mai tambarin shagon shinkafa. Kewaye da shi mutane na ta ɗaukar hoto da takardunsu. Na zauna kusa da shi da ƙyar, gwiwata na ƙara. Na so in yi masa magana mai daɗi, abin da ya fito shi ne, "Kai dai an yi wawa."

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari. Ya ce, "Na ji ki har nan. Gobe ba mai sayen awararki."

"Su bari, in ci abata. Noboru, me ya sa? Taku goma ne fa. Da yanzu kana riƙe da takardarka."

Ya kalli yatsun ƙafarsa. Ya ce, "Da na tsallaka, mutum dubu za su ce na gama. Ke kaɗai za ki san ban gama ba." Ya goge fuska da tawul. "To ni kuwa, Yaya, wa kike jin nake so ya gani?"

Na rasa inda zan sa idona. Ni mai baki, ni da ba a taɓa rufe mini shi ba a garin nan, na zauna ina tsinkar ciyawa. Abin da ya tokare ni ba tausayinsa ba ne, kunyar kaina ce. Shekara arba'in ina jifan mutumin nan da magana ɗaya, yana ɗauka yana ajiyewa, ban taɓa tunanin tana yi masa nauyi haka ba.

Na ce, "Ka gama."

Ya girgiza kai. "A'a, Yaya. Daƙiƙa arba'in da ɗaya. Ba sunana a jarida gobe."

"Jaridar banza, da ita nake naɗe kifi. Na ga fitowarka daga kwana, na ga tsayuwarka, na ga shigarka ƙofa. Ka fara da safe, ka kai ƙarshe."

"Doka ta ce..."

"Rufe mini baki! Baba ya tafi, Inna ta tafi, ni ce babba a gidan nan. Na ce ka gama."

Ya buɗe baki zai sake magana, ya fasa. Ya ja tawul ya rufe fuskarsa gaba ɗaya, kafaɗunsa na motsi. Can daga ƙarƙashin tawul ɗin na ji ya ce, "To, Yaya."

Isamu ya ɗauki takalman. Ni na kama shi ta dama, Isamu ta hagu, muka ɗaga shi tsaye.